Kurakuran da aka fi yi wajen hawa jirgi bayan tiyatar hanci

Kuskure mafi girma tun kafin a shiga ɗakin tiyata ake yin sa: mutum ya yanki tikitin komawa gida, sannan ya so jikinsa ya warke daidai da ranar tikitin. Ai ba haka jiki yake ba. Makarin da ake mannawa a kan hanci ba a cika cire shi ba sai bayan kwana 5 zuwa 7, kuma a ranar ne likita yake leƙa ciki ya ga ko ɗinki ya kama. Yawancin likitoci sun fi son a yi mako 1 zuwa 2 kafin a hau jirgi. Don haka ka fara jin ranar tafiya daga bakin wanda ya yi maka aikin, ka kuma sayi tikitin da ake iya ɗage ranarsa. Ƙarin kuɗin bai kai wahalar haɓo a sararin sama ba.

Dalilin jiran yana cikin jirgin kansa. Matsin iskar da fasinja ke shaƙa daidai yake da na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma duk iskar da ta maƙale a ramukan da ke cikin ƙashin fuska da kunne sai ta buɗe idan jirgi ya yi sama, ta sake tsukewa idan an zo sauka. Lafiyayyen hanci yana barin ta ta wuce. Wanda ya kumbura kuwa hanyoyinsa a toshe suke, shi ya sa ciwon kunne da na goshi ke tsananta, musamman lokacin sauka.

A nan ne ake yin abin da ya fi ba ni tsoro. Kunne ya toshe, hannu ya tafi da kansa ya matse hanci, a hura da ƙarfi kamar yadda aka saba. Wannan matsar tana iya gusar da ƙashin da bai gama haɗewa ba, hurawar kuma ta ɓalle jini. Ka tauna cingam, ka riƙa kurɓar ruwa, ka yi hamma, kuma kada saukar jirgi ta same ka kana barci. Fyace hanci ma a bar shi har sai likita ya yarda. Atishawa in ta zo, a buɗe baki ta fita ta nan.

Iskar jirgi busasshiya ce ƙwarai, danshinta bai cika wuce kashi 20 cikin 100 ba. Ɓawo sai ya bushe a cikin hanci ya riƙa ƙaiƙayi, mutum ya sa farce. Ruwan gishiri na feshi shi ne maganin wannan, amma ya kasance a jakar hannu tare da auduga da sauran magunguna, ba a akwatin da aka shigar cikin kaya ba.

Kaya ma kansu matsala ne. Za ka ga mutum da filasta a fuska ya sunkuya ya cicciɓi akwati zai ɗora a ma'ajiyar sama, jijiyar wuya ta tashi. Sunkuyo da yunƙuri suna tura jini kai. Ka roƙi wani ya ɗora maka, ka kuma kula da gwiwar hannun masu sauke kaya in an sauka. Tabarau kada ya hau karan hanci na kimanin mako 4 zuwa 6.

Sai maganin ciwo. Asfirin da ibuprofen suna hana jini saurin daskarewa, saboda haka a tsaya kan farasitamol ko abin da likita ya rubuta. In tafiyar ta wuce awa 4, a riƙa tashi ana takawa ana motsa idon sawu, domin tiyata da dogon zama duka suna ƙara haɗarin gudajin jini a ƙafa.

Jinya a baƙon wuri kuwa, kada ka kwana kai kaɗai a awa 24 na farko bayan allurar barci. Kumburi ya fi yawa a kwana na 2 da na 3, don haka kada madubi ya firgita ka. Ka tara filo 2 ko 3 ka kwanta rigingine. Kafin ka bar garin, karɓi takardar da ta bayyana aikin da aka yi, da shaidar cewa za ka iya hawa jirgi, da lambar da za ka samu likita. Ka karanta inshorar tafiyarka da kyau, yawancinsu ba sa biyan matsalar da ta biyo bayan tiyatar da mutum ya shirya da kansa.

Ɗigon jini kaɗan a auduga ba komai ba ne. Amma jinin da ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko hanci ya toshe ruf ta ɓangarorin biyu da ciwo mai ƙaruwa, wannan na asibiti ne a ranar, ko da jirginka gobe ne. Na ƙarshen yana iya zama jini ne ya taru a bangon da ya raba ƙofofin hanci, kuma in ba a zuƙe shi da wuri ba guringuntsin wurin yana lalacewa, karan hanci ya lotsa.