Yadda na gyara dunƙulen kek da ke zamewa daga tsinke

Alhamdulillah, ragowar kek ɗin da ake yankewa wajen daidaita shi ta daina tafiya a banza. Ina murmushe ta in dunƙula in soke a tsinke, amma da na tsoma a cakulan sai ta suɓuce, wadda ta tsaya kuma bayanta ya tsattsage.

Na canza cakulan, ba ta sake zani ba. Na ƙara kirim ɗin bota (botan da aka buga da sukari) da nake haɗa kek ɗin da shi, sai ma ta ƙara laushi tana tsatso mai. Ashe kirim ne ya yi yawa, firizar da nake sa ta a ciki kafin tsomawa kuma ke kawo tsagewar: dunƙule mai sanyi ƙarara yana buɗewa idan sanyin ya fara sakinsa, sai ya fasa cakulan ɗin da ya riga ya daskare.

Ga abin da ya yi aiki. A yanke gefen da ya ƙone, a murje gram 500 har ya zama gari. Kirim cokali babba 2 kawai, na uku sai in ya ƙi haɗuwa a tafin hannu. Kowane dunƙule gram 20, in ya fi haka nauyinsa zai ja shi. A tsoma bakin tsinken a narkakken cakulan, a soke zuwa tsakiya, kar ya ɓulla. A sa a firij minti 30, a fitar ya sha iska minti 10.

Cakulan gram 200 a narka kan tururin ruwan zafi da ƙaramin cokali 1 na man gyaɗa, kar ɗigon ruwa ya shiga, daskarewa zai yi. Tsomawa ɗaya, ba juyawa, sannan a kafe tsinken cikin kofi mai ɗanyar shinkafa har ya bushe.