Kafin ka ɗora laburaren saƙonnin gargaɗi a manhajarka ta yanar gizo

Fara tantance irin saƙon da kake buƙata. Akwai ɗan saƙon da ke leƙowa a kusurwar allo ya ce "An adana" ya ɓace, akwai kuma akwatin da ke tsayar da mutum sai ya danna "Eh" ko "A'a" kafin a goge wani abu. In na biyun kaɗai kake so, wataƙila ba ka buƙatar laburare (tarin kod da wasu suka rubuta don a ɗora a yi amfani da shi) sam. Tun Maris 2022, da Safari 15.4 da Firefox 98 suka fito, duk manyan burauzoji suna gane `<dialog>`. In ka buɗe shi da `showModal()`, sauran shafin zai daina amsawa, maɓallin Esc kuma zai rufe shi, ba ka ƙara ko baiti ɗaya ba.

In ka tabbatar kana buƙatar laburare, duba nauyinsa a Bundlephobia, shafin da ke auna girman laburare, tare da duk abin da yake jawowa a bayansa. Misali, laburaren saƙonni na Toastr ba ya aiki sai da wani laburaren mai suna jQuery, wanda shi kaɗai ya kai kusan kilobait 30 bayan an matse shi. Takwaransa Notyf kuwa ba ya dogara da kowa. Mai ƙaramar wayar Android da ke lissafin datarsa shi ke biyan wannan bambanci, don haka ka rage gudun intanet a DevTools, kayan gwaji na cikin burauzar Chrome, ka ga yadda shafin yake buɗewa.

Inda ya fi kamata ka tsaya ka natsu shi ne yadda laburaren ke ɗaukar rubutun da aka ba shi. A Toastr, zaɓin `escapeHtml`, wanda ke hana a ɗauki rubutu a matsayin kod ɗin HTML, a kashe yake tun asali. Ma'ana, in wani ya yi rajista da suna mai ɗauke da `<img src=x onerror=...>`, manhajarka kuma ta nuna wa ma'aikaci saƙon "Sabon mai amfani: wane", burauzar ma'aikacin ce za ta gudanar da kod ɗin ɓarawon, da izinin shigarsa da komai. A SweetAlert2, wani laburaren saƙonni, `text` da `titleText` suna nuna rubutu zalla, amma `html` da `title` suna fassara alamomin HTML. Kada ka bari abin da mai amfani ya rubuta, ko saƙon kuskure daga sabar, ya shiga waɗannan biyun ba tare da an tsaftace shi da irin DOMPurify, mai cire kod mai cutarwa daga HTML, ba. Gwada da kanka kafin ka yarda: tura `<b>gwaji</b>`, in ya fito da kauri, to ƙofa a buɗe take.

Lasisi ma a karanta. Toastr, Notyf da SweetAlert2 duk lasisin MIT mai sassauci suke da shi, amma AlertifyJS yana ƙarƙashin GPLv3, kuma akwai lasisin kasuwanci na daban ga wanda ba zai buɗe kod ɗinsa ba.

Sai masu kula da shi. A GitHub, duba ranar fitowar sigar ƙarshe, da ko ana amsa koke-koken da aka shigar. Yawan taurari ba ya nuna cewa akwai mai gadi. Ko mai gadin ma kan sauya hali: a 2022 an saka wa SweetAlert2 wani ɓoyayyen aiki da ke tashi a shafukan da adireshinsu ya ƙare da .ru da makamantansu. Saboda haka cire alamar ^, wadda ke ba da damar ɗauko sabuwar siga, daga `package.json`, ajiye `package-lock.json`, yi amfani da `npm ci` don a ɗora sigar da ka kulle kawai, kuma karanta jerin canje-canje kafin kowane sabuntawa.

Kunna manhajar karanta allo, NVDA ko TalkBack, ka saurara. Saƙon nasara ya dace da `role="status"`, na kuskure kuma `role="alert"`. Saƙon da ke cewa biyan kuɗi bai tafi ba kada ya ɓace da kansa bayan daƙiƙa uku. A bar shi sai mutum ya rufe. Duba kuma ko ƙ, ɗ da ɓ suna fita daidai a rubutun akwatin.

In ya tsallake duk wannan, kada ka warwatsa kiransa a faɗin manhajar. Rubuta aiki guda, misali `sanar(iri, saƙo)`, a fayil ɗaya, a nan za ka kunna `escapeHtml` ka daidaita tsawon lokacin da saƙo zai tsaya. Ranar da laburaren ya mutu ko ya lalace, fayil ɗin nan kaɗai za ka gyara.