Babi na 6: Minshari da Yadda Ake Rage Shi

Darasi na 1: Daga ina ƙarar take fitowa?

Ku ɗora hannu a maƙogwaronku. Ta nan iska take bi zuwa huhu. In barci ya yi nauyi, naman wurin yakan saki, hanya ta matse, iska ta riƙa kaɗa ganda da beli. Ƙarar kaɗawar nan ita ce minshari. Kada kowa ya ji kunya. Mai yi ma ba ya jin kansa, sai abokin kwana ya faɗa masa.

Darasi na 2: Kwanciya a gefe

Rigingine shi ne ka kwanta bayanka a kan tabarma, fuskarka tana kallon azara. A haka harshe yake komawa baya ya tare hanyar iska. Saboda haka ka kwanta a gefe, zai fi kyau a dama, kamar yadda sunna ta koyar. Kafaɗa a ƙasa, kunne a kan matashi, gwiwa a ɗan lanƙwashe.

A nan ne yawancin 'yan aji suke faɗuwa. Sukan fara a gefe, kafin tsakar dare sun mirgina sun koma rigingine. Ga dabara. Samo ƙwallon goruba ɗaya. Sa shi a tsumma, ka ɗinke a bayan tsohuwar riga, daidai tsakanin kafaɗu. A baya, ba a gaba ba. Da rigar za ka kwana. Duk sanda ka mirgina, ƙwallon zai tokare ka, ka koma gefe ba tare da ka farka sosai ba.

Mu sake. Kafaɗa a ƙasa. Kunne a kan matashi. Ƙwallo a baya. Daren farko zai dame ka, na biyu ma haka. Yi haƙuri, Baba, sannu ba ta hana zuwa.

Amma wasunku dare biyu kawai suke yi su jefar da rigar, sannan su zo su ce mini, "Malam, abin nan bai yi ba." Ta yaya zai yi? Wa ya taɓa shuka gero yau ya yi girbi gobe? Wani ma a aljihun gaba ya sa ƙwallon. Haba jama'a! A baya na ce. Ku je ku sake, dare bayan dare.

Darasi na 3: Hanci da abin sha

Ƙurar hunturu da hayaƙin itace suna toshe hanci. A yayyafa ruwa kafin shara, kada a kwana da wuta mai hayaƙi a ɗaki. Taba da ƙiba suna ƙara minshari. Goro da shayi da dare suna hana barci.

Darasi na 4: Yaushe za a je asibiti?

In numfashin mai minshari yana ɗaukewa daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya zabura kamar an shaƙe shi, ko yana yawan gyangyaɗi da rana, a je asibiti, domin hakan yana da alaƙa da hawan jini. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro. Kada a kai wa wanzami ya cire beli.

Darasi na 5: Awa nawa?

Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9.

Aiki: Rubuta lokacin da ka kwanta jiya da lokacin da ka tashi.