Yadda zaka tono tarihin gine-ginen jama'a na unguwarku

Matsalar unguwar bayan gari ita ce kowa gani yake ai jiya-jiya aka kafa ta, to wane tarihi kuma? Alhali makarantar firamaren nan, ɗakin taro, ƙaramin asibiti, masallaci ko coci, kowanne akwai wanda ya bada fili, akwai waɗanda suka yi karo-karo aka sayi bulo, kuma mutanen nan ɗaya bayan ɗaya suke tafiya da labarin a bakinsu.

Ka zaɓi gini ɗaya tak, kar ka ce duka zaka haɗa, zaka gaji ka watsar.

Fara da ginin kansa. Je ka zagaye shi da wayarka kana ɗaukar hoto, musamman ta baya inda ba'a damu da fenti ba, nan ne zaka ga inda tsohon bango ya tsaya aka ɗora sabo, bulon ma girmansa ba ɗaya ba, ko tagar da aka toshe har yanzu shatinta na nan. Duba siminti a bakin ƙofa da gefen kwata, magina suna da ɗabi'ar rubuta shekara da ƙusa tun yana ɗanye, ni na fi yarda da wannan akan allon da aka manna a gaba. Allon nan yawanci ranar da wani babba yazo yanka kyalle yake nunawa, ko ranar da aka yi gyara, ginin kuwa ƙila ya shekara goma ana amfani dashi kafin nan.

Daga nan sai kwamfuta. Sauke Google Earth Pro, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa da aka ɗauka daga sama, kyauta ce tun 2015, ka nemo unguwar sai ka danna alamar agogo da ke sama, zai baka layin da zaka riƙa ja baya shekara-shekara. Anan unguwar bayan gari tafi cikin gari daɗin bincike, don zaka ga fili fetal ko gona, sai kaga fandisho, sai ga rufi ya bayyana, kaga ka kama shekarun ginin tsakanin hoto biyu. Hotuna masu kyau a wurare da yawa daga shekarun 2000 suke farawa, na baya dishi-dishi ne. In ginin ya girmi haka akwai hotunan tauraron ɗan adam na leƙen asirin Amurka mai suna Corona da aka ɗauka daga 1960 zuwa 1972, aka sake su ga jama'a a 1995, suna shafin intanet mai suna EarthExplorer, sai dai nemansu na buƙatar haƙuri gaskiya.

To sai dattawa, kuma nan ne aikin yake. Kar ka tara su wuri ɗaya, mai babbar murya ne zai cinye hirar sauran su bishi da eh haka ne. Bi su ɗaya-ɗaya, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Kuma kar ka ce Baba wace shekara aka gina, zai faɗi wata ne kawai don kar ya baka kunya. Ce masa Baba lokacin da aka yi rufin nan an haifi babban ɗanka? An kawo wuta unguwar? Wa ke mulki? Irin wannan zaka iya lissafawa daga baya. Kar ka tsallake mata da tsohon maigadi da birkilan da yayi aikin, sau da yawa sun fi shugaban kwamiti sanin abinda ya faru, shi shugaba labarinsa kullum dashi yake farawa dashi yake ƙarewa.

Takardu kuma ka tambayi rijistar ɗaliban farko, littafin taron kwamiti, rasit, takardar fili, hotunan ranar buɗewa. Ka ɗauke su a waya nan take gaban mai su, in ka ce zaka tafi dasu gida ba zai ƙara fito maka da komai ba.

Duk inda bayanai suka saɓa, rubuta duka biyun da wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. In ka gama ka buga kwafi biyu, ɗaya ka kaiwa masu kula da ginin, sautin hirar kuma ka ɗora a Google Drive kafin wayar ta faɗa ruwa.