Yadda Za Ka Ajiye Bayananka a Gajimare Ba Tare da Sun Salwanta Ba

Idan ka ɗora hoto ko takarda a Google Drive, iCloud, OneDrive ko Dropbox, abin yana bin layin intanet ne ya sauka a wani katafaren gini da ake kira cibiyar adana bayanai. A ciki dubban kwamfutoci suke jere a kantocin ƙarfe, kowace da faifan ajiyarta, ana busa musu sanyi dare da rana. Gajimare suna ne kawai. Abin da ke akwai shi ne kwamfutar wani kamfani, da wutar da take sha, da dokar ƙasar da ginin yake.

Kamfanin ba ya barin fayil a faifai ɗaya. Ko dai ya yi masa kwafi uku a injuna daban-daban, ko ya yanka shi gunduwa-gunduwa ya ƙara wasu gunduwoyi na lissafi. Misali, a raba fayil gida 6, a ƙara 3 na lissafi, a watsa duka 9 a faifai 9. Ko 3 sun mutu lokaci guda, ragowar 6 sun isa a sake haɗa fayil ɗin cif. Da irin wannan tsari Amazon, wanda ya buɗe ma'ajiyarsa ta S3 a 2006, yake cewa ya gina ta domin ɗorewar kashi 99.999999999 cikin ɗari. Amma wannan lissafi na mutuwar na'ura ne kaɗai. Bai ƙunshi ranar da ka goge abu da hannunka ba, ko ranar da aka sace asusunka, ko ranar da kamfani ya rufe shi.

Inda aka fi yin asara

Babban kuskure shi ne ɗaukar daidaitawa a matsayin ajiya. Manhajar da ke wayarka ko kwamfutarka aikinta ta mayar da gajimare tamkar madubi: abin da ka yi a nan, shi zai bayyana a can. Ka goge hoto a waya don samun fili, sai ya goge a can. Manhajar garkuwa da bayanai ta kulle fayilolinka, sai kullallun su hau su maye gurbin masu kyau. Abin da ke ceton mutane shi ne kwandon shara da tarihin tsofaffin kwafi, kuma su ma suna da wa'adi. A Google Drive, da OneDrive na mutum ɗaya, da hotunan iCloud, da Dropbox na kyauta, kwana 30 ne. Wanda bai lura ba sai bayan wata biyu, ya makara.

Sai asusun kansa. Tun Disamba 2023 Google yana iya share asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. Wanda ya daina biyan kuɗin ƙarin fili kuma bayanansa sun zarce na kyauta, zai tarar an tsayar da ɗora sababbi, a Google har saƙon Gmail ya daina shiga, domin gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta na Gmail da Drive da Photos ne a haɗe. iCloud da OneDrive 5 suke bayarwa, Dropbox 2.

Kamfanonin ma suna tuntuɓe. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu abokan ciniki sun rasa komai saboda kwafinsu na ko-ta-kwana a harabar yake. A Mayu 2024 kuskuren saiti a Google Cloud ya goge ma'ajiyar asusun fansho na UniSuper a Ostireliya, abin da ya fitar da su shi ne kwafin da suka ajiye a wani kamfani daban. A Janairu 2012 hukumomin Amurka sun rufe shafin ajiyar fayiloli na Megaupload, masu fayilolin halal suka wayi gari ba su da hanyar shiga.

Matakan da za ka bi

1. Ware abin da ba ya sayuwa: takardun shaida, takardun kadara, hotunan iyali, lissafin kasuwanci, aikin da ka rubuta. Duba girmansu. Yawanci bai kai yadda ake zato ba, bidiyo ne ke cinye fili.

2. Yi kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya a wani wuri nesa da kai. Na kwamfutarka ɗaya, na gajimare biyu, na faifan waje (wanda ake jonawa da kwamfuta) uku. Sayi faifan da ya ninka bayananka sau biyu. Bayan ka kwafa, zare shi. Faifan da ke maƙale da kwamfuta kullum, abin da ya kama kwamfutar zai kama shi.

3. Lissafa lokacin ɗorawa kafin ka fara. Gigabait 100 a layin da ke ɗora megabit 10 a daƙiƙa zai ci kimanin awa 22, in layin bai yanke ba. Saurin ɗorawa ya fi na saukewa ƙanƙanta a yawancin layuka, don haka kada ka goge na asali sai manhajar ta nuna ta gama, kuma ka buɗe wasu fayiloli daga wata na'urar ka gani da idonka.

4. Ba asusun kalmar sirri tasa shi kaɗai, doguwa, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa. Bayanan shiga na asusun Dropbox kusan miliyan 68 da aka sace a 2012 sun bazu a 2016, kuma ɓarayi sukan gwada irin waɗannan kalmomi a wasu shafukan. Kunna tantancewa mai mataki biyu. Manhajar da ke fitar da lamba ta fi saƙon tes, domin ana iya karɓe layin wayar mutum da yaudara. Lambobin ceto da za a ba ka, rubuta su a takarda ka adana.

5. Kulle abu mai sirri kafin ya bar hannunka. Manyan kamfanoni suna rufe bayanai da tsarin AES, amma a saitin da aka saba makullin yana wurinsu, kuma dokar Amurka ta 2018 mai suna CLOUD Act ta ba hukumomi damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko a wace ƙasa aka ajiye su. Manhajar Cryptomator kyauta ce a kwamfuta, tana kulle fayil ɗaya-ɗaya kafin ya hau. Sharaɗinta mai tsauri ne: in ka manta kalmar sirrin kuma ba ka da makullin ceto, babu mai buɗe maka.

6. Duk wata uku, duba waɗanda ka ba izinin gani. Mahaɗar da aka saita kowa mai ita ya buɗe tana nan a buɗe har sai ka rufe ta. Sannan sauke cikakken kwafi, a Google ta hanyar Takeout, ka gwada dawo da fayil biyu ko uku daga faifan waje.

Ruwan rana a wannan lamari

Rana tana taɓa gajimare ta fuska biyu, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta farko guguwarta ce. Rana tana da zagaye na kusan shekara 11, a ƙololuwarsa takan watso tarin ƙwayoyi masu caji, su iso duniya tsakanin ƙasa da kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki. Suna girgiza maganaɗisun duniya, hakan ya haifar da wuta a dogayen wayoyin lantarki, manyan taransfoma su yi zafi ko su katse. A 1859 guguwar Carrington ta rikita wayoyin tangaraho. A ranar 13 ga Maris 1989 lardin Kebek na Kanada ya yi awa 9 babu wuta. A Fabrairu 2022 wata ƙaramar guguwa ta kumbura saman sararin iska, ta jawo yawancin taurarin ɗan'adam na Starlink 49 da aka harba suka faɗo. Guguwar ba ta goge abin da ke faifanka, hanyar isa gare shi take yankewa. Cibiyoyin suna da batura da janareto, amma kai da ke nesa sai wuta da layi sun dawo. Maganinsa shi ne ka saita muhimman fayiloli su zauna a na'urarka ko babu intanet. Hukumar NOAA ta Amurka tana sanar da irin wannan guguwa a ma'aunin G1 zuwa G5, ta Mayu 2024 ta kai G5.

Ta biyu zafi ne. A Yuli 2022, da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karon farko a tarihin awo, na'urorin sanyaya cibiyoyin Google da Oracle a Landan sun gaza, aka kashe wasu injuna don kada su lalace. Wasu na ɗora ƙaruwar irin wannan zafi a kan rana, sai dai awo bai goyi bayansu ba. Tun 1978 taurarin ɗan'adam suke auna hasken da ke isowa, kimanin wat 1361 a kan kowane murabba'in mita, kuma a zagaye guda abin da yake hawa ya sauka kusan kashi 0.1 cikin ɗari ne, babu hauhawa mai ɗorewa, alhali duniya tana ta ɗumama. Da rana ce ta ƙara wuta, da sararin iska ya ɗumama daga sama har ƙasa. Abin da aka gani shi ne ƙasa na zafi, sashen sama na sanyi, alamar iskar kabon da ke tare zafi a ƙasa. Don haka kada a jira zagayen rana ya sauka a ce matsalar sanyaya za ta wuce. Mai kamfani da yake zaɓar yankin da za a ajiye bayanansa ya zaɓi yankuna biyu masu nisa da juna, waɗanda ba layin wuta ɗaya suke sha ba. Faifan waje kuwa a ajiye shi a inuwa, wuri busasshe, a jona shi a duba lafiyarsa aƙalla sau biyu a shekara, a kuma yi shirin canja shi bayan shekara huɗu zuwa biyar.