Yadda za ka zaɓi diflok wa motarka mai ogzilari kafin damina ta kankama

Duk wanda ke shiga fadamar Argungu ko ta Suru da Hilux a watan Agusta ya san wanga abu, mota ta kafe an sa ogzilari direba na ta taka totur, amma in ka sauko ka duba taya biyu kaɗai ke juyawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma su ne waɗanda ke cikin taɓo ko suke lilo a iska, sauran biyun da ke kan ƙasa mai ƙwari ko motsi ba su yi. Sai ka ji ana cewa ogzilarin ya lalace. Lafiyarshi lau. Dif ɗin da ke tsakiyar aksil ne ke yin aikin da aka ƙera shi ya yi, domin in mota za ta sha kwana tayar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki, dole a bar kowace ta juya da gudunta. Matsalar ita ce ƙarfin injin sai ya bi tayar da ta fi sauƙin juyawa, kamar ruwan ban-ruwa, inda ya samu gangare can yake tafiya. Diflok shi ke ɗaure tayoyin aksil guda su juya tare ko ɗaya na lilo.

To kafin ka fidda ko sisi, fara duba abin da ke cikin motarka, don wallahi da yawa suna da shi ba su sani ba. Hilux na 2015 zuwa yau wasu sun zo da maɓallin RR DIFF LOCK daga kamfani, kuma a yawancinsu ba ya kamawa sai ka sa L4, wato ogzilari mai ƙarfi na tafiya a hankali, kana tsaye ko kana tafiya ƙasa da kilomita 8 a awa, shi ya sa mutum zai danna a H4, ogzilarin gudu, ya ga fitila na ƙyaftawa ya ce ba ya aiki. Land Cruiser 80, tsohuwar nan da har yanzu ba ta gaji ba, wasu suna da abin murɗawa kusa da sitiyari mai RR (baya) da FR RR (gaba da baya), in kuma kana shakka duba farantin lambar da ke cikin bonet, K294 na nufin aksil masu makulli, K292 babu. Kada kuma ka rikita wanga da maɓallin tsakiya na Prado da Land Cruiser 100, wannan gaba da baya yake haɗawa kawai, ba ya hana tayar hagu juyawa ita kaɗai ta bar ta dama. In babu maɓalli ko ɗaya, ɗaga bayan motar da jak taya biyu su bar ƙasa, a sa duwatsu a tayoyin gaba, giya a firi, ka juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya baya-baya dif ɗinka fili ne, wato ba makulli a ciki. In sun tafi gefe guda akwai LSD ciki, wato dif mai rabin makulli, ko kuma wani ya taɓa yi mishi walda. Toyota kan manna takarda a jikin dif mai cewa man LSD kaɗai za a zuba, in ƙura ba ta cinye ta ba za ka gani.

Sai tambaya ta biyu, ina kake shiga da motar? Jihar Kebbi ba ƙasa iri ɗaya ba ce. Mai zuwa Kangiwa da ƙauyukan Arewa rairayi ne abokin faɗanshi, mai ɗauko shinkafa daga Augie ko Bunza laka ce mai santsi, mai hawa wajen Zuru kuma duwatsu da kwazazzabai da ruwa ya zaizaye. Diflok ya fi nuna kanshi a na ukun, inda mota ke karkacewa taya ɗaya ta tashi sama, nan kam danna shi ka wuce a hankali ba ihu ba ƙura. A rairayi gaskiya rage iskar taya ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, ka sauke ta zuwa 16 ko 18 a geji tayar ta baje, in ka bar iska 40 ka kulle aksil kana taka totur rami za ka haƙa wa kanka har cikin motar ya zauna ƙasa. A laka kuma yana taimako sosai amma akwai tarko, in kana bin gefen kunya ko hanyar da ta karkata zuwa gona, tayoyin baya biyu suka ɓalle tare sai gindin motar ya zame gefe gaba ɗaya, alhali da dif fili tayar da ba ta juyawa ita ke riƙe ka. Saboda haka ni a wurina wanda za ka iya kunnawa ka kashe ya fi dacewa da ƙasarmu, ina zuwa kan wannan.

Mafi araha shi ne walda, a buɗe dif a narke ƙananan giyoyin ciki su zama abu guda. Akwai gareji da yawa da za su yi maka da yamma ɗaya. In motar ba ta barin gona, tsohuwar fikof ce ta jigilar taki da injin ban-ruwa, ba komai. Amma in za ka hau kwaltar Birnin Kebbi zuwa Jega da buhunan shinkafa a baya kada ka yarda, kowace kwana tayar ciki sai ta ja ƙasa tana kuka, taya ta cinye kafin lokaci, wata rana shaf ya karye, in kuma an yi yayyafi motar ba ta son juyawa sai dai ta miƙe.

Sai mai kama kanshi da kanshi, irin su Detroit Locker na kamfanin Eaton, da ƙananan da ake cusawa cikin gidan dif na asali kamar Lock-Right da Aussie Locker da Spartan. Kullum a kulle suke, sai an zo kwana tayar waje ta saki tana ƙas-ƙas-ƙas ta koma. Ba waya ba tiyo ba maɓalli, abin da zai lalace kaɗan ne, kuma ƙananan nan a Amurka wajen dala 300 zuwa 400 suke, makaniken da ya san aksil zai sa su ba tare da ya taɓa saitin babbar giya ba. Illarsu hali ne. In ka taka totur tsakiyar kwana sai ya kama da ƙarfi ka ji gau a baya motar ta ɗan yi tsalle gefe, mai motar ya saba cikin sati amma direban da aka ba aro zai rantse aksil ya fashe. Kuma suna son tayoyin baya su zama girma ɗaya iska ɗaya, mu kuwa ka san yadda muke yi, sabuwa a dama ta Beljiyam da ta sha faci a hagu, da haka zai riƙa kamawa yana saki a miƙaƙƙiyar hanya har haƙoranshi su cinye. Kada a sa irinshi a gaban motar da kullum ƙafa huɗu take ja kamar Prado, sitiyarin zai riƙa kokawa da kai.

LSD kuma rabin makulli ne. Mai faranti irin na Toyota in ya tsufa ya zama fili, ga shi da yawan masu zuba mishi man giya na gama-gari. Mai giya zalla irin Detroit Truetrac ya fi ɗorewa, ba ya ƙara ba ya wahalar da direba, a burji da rairayi yana da daɗi ƙwarai, sai dai in taya ta tashi sama gaba ɗaya ya rasa abin kamawa, dabarar ita ce ka ɗan taɓa birki kaɗan kana ba da wuta. Ga motar asibiti ko ta malaman gona da direbobi daban-daban ke ja, wanga shi zan ce a sa, don ba abin da za a manta a kunne.

Yanzu masu maɓalli. Iri biyu ne za ka fi ji, na iska da na lantarki. Na iska ARB na Ostareliya ne ya yi suna, yana da ƙarfi, yana kamawa nan take, a kashe kuma motar kamar ba a taɓa ta ba. Amma yana zuwa da kwamfuresa da siririn tiyo da za a huda gidan aksil a shigar, da robobin sil a ciki, kuma shi kaɗai a waje ya kai wajen dala 1,000 kafin kwamfuresa kafin kuɗin jirgi da kwastan. Duk inda iska ta samu ƙofa makulli ba zai kama ba, ƙaya ko kututturen dawa ya tsinke tiyon a daji shi kenan, in sil na ciki ya mutu kuma sai an sauke dif gaba ɗaya. Abu ɗaya da nake yaba mishi, in ka ɗauki kwamfuresa babba ita ce za ta mayar maka da iskar taya bayan ka fito rairayi, ba sai ka lallaɓa har wurin mai faci ba. Na lantarki, ELocker na Eaton da wanda Harrop ke yi, maganaɗisu ne da waya biyu da fiyus da rile a kan batir 12, sai taya ta ɗan juya kaɗan kafin ya shiga, wasu kuma kan saki na ɗan lokaci in ka koma ribas daga gaba. Kuɗinshi bai yi nisa da na iska ba. Amma in waya ta tsinke duk mai gyaran wayar mota a Yauri ko Kamba zai ɗaure maka ita, wannan kaɗai ya sa na fi karkata gare shi. Ka zaɓi abin da makaniken garinku zai iya buɗewa ya rufe, kada ka biye wa bidiyon Turawa masu hawan dutse ranar Lahadi suna da gareji cike da kaya a gida.

Akwai hanya ta uku da mutane ke mantawa, neman dif ko aksil na Beljiyam mai makullin Toyota na asali a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo a Legas. Sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi. In ka samu aksil ɗin gaba ɗaya ya fi, domin kan dif mai makulli ba ya zama cikin gidan da ba a yi don shi ba sai an yanke an ƙara kusoshi. A gwada ɗan motan lantarkin da ke jikinshi mai sa makulli da batir a gabanka ka ji ya shiga ya fita, shi ke fara cin tsatsa.

Nan ne kuma ake yin ɓarnar da ta fi tsada, wato lambar giya. Dif na gaba da na baya dole su zama lissafi ɗaya. A ƙirga haƙoran babbar giya a raba da na ƙarama, 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56. In bayanka 4.30 gabanka 4.10, ranar da ka sa ogzilari a ƙasa mai ƙwari tayoyin gaba da na baya za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya ba da kai, furofela ko giyar ogzilarin. Haka in oda za ka yi daga waje, sunan mota kaɗai bai isa ba, a zaro shaf a ƙirga tsagar bakinshi, dif ɗin Toyota mai inci 8 galibi tsaga 30 ne, na bayan Land Cruiser kuma inci 9.5 ne ba su shiga juna. Tura wa mai sayarwa lambar shasi da hoton farantin, ka sa shi ya rubuta maka cewa zai shiga.

Gaba ko baya? Baya. In kuɗin guda ne a sa a baya, can nauyin kaya yake can kuma ƙarfen ya fi kauri. Na gaba sai mai hawa duwatsu da gaske, shi ma mai maɓalli, domin in gaba na kulle sitiyari na yin nauyi motar ta ƙi kwana, in ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka taka wuta shaf ɗin gaba ne zai tafi.

Wurin sawa kada ka yi gaggawa. Duk wanda ake canza gidan dif gaba ɗaya sai an sake saita yadda haƙoran giya ke haɗuwa da matsin boris, a shafa fenti a haƙoran a juya a ga inda suke taɓa juna. Tambayi makaniken tun farko, Malam yaya za ka auna saitin? In ya ce da kunne yake ji, ka yi mishi godiya ka ɗauki kayanka. Dif ɗin da ba a saita daidai ba zai fara kuka a kwalta kafin wata ya zagayo. A sa sabbin boris da oyil sil, a zuba man giya GL-5 irin 80W-90 ko 85W-90, sannan a duba ɗan hancin numfashi da ke saman aksil, mu masu ƙetare ruwa a ɗaura mishi tiyo a kai shi sama, domin aksil mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi zuƙo ruwa yake yi, in ka ga man ya koma fari-fari a zubar ranar.

Amfani da shi kuma ba wuya. Ka kunna kafin ka shiga wurin, ba bayan ka nutse ba, kuma kada ka danna taya na tsakiyar juyawa da gudu, ɗaga ƙafa tukuna ta tsaya. L4, giya ɗaya ko biyu, sitiyari a miƙe gwargwadon hali, wuta kaɗan-kaɗan. Kana fita ka kashe, in fitila ta ƙi mutuwa ɗan karkaɗa sitiyari hagu da dama ko ka ɗan yi ribas zai saki. A motocin da suka zo da shi daga kamfani za ka ga fitilar ABS ta kama lokacin da yake kulle, haka aka yi su. Ko da rani a riƙa kunna shi sau ɗaya a wata a kan burji don kada ya daskare. Igiyar ja da shebur da katako biyu su ci gaba da zama a bayan mota, domin mai diflok yakan kai inda mai dif fili bai isa ba, in ya kafe can sai tarakta, kuma da yanayin tsaron wasu hanyoyin namu ba wanda ke son magariba ta same shi a daji yana jiran ta.