Darasi na 7: Sa direban ramin intanet na jikin kwamfuta

To jama'a, yau darasinmu kan ɗan ramin nan ne da ke bayan kwamfutar tebur ko gefen laptop, wanda ake soka wa kebul ɗin intanet, masu gyara na ce mai LAN. Shi ba daban ake sayensa ba, a jikin madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, yake zuwa, kuma akwai wani ɗan mitsitsin cip a bayansa da ke yin aikin. Cip ɗin nan Windows ba ta iya sarrafa shi sai da direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa su. Shi ya sa za ka ga an yi wa kwamfuta fomat komai ya tashi lafiya lau, an soka kebul amma shiru, sai a ce ai ramin ya ƙone a tafi neman mai gyara a kashe kuɗi, alhali sau da yawa direba ne kawai babu.

Ka fara da kebul tukunna, cire shi ka mayar sai ka ji ya ce ƙas, in da wani a kusa ka gwada shi ma. Daga nan danna maɓallin Windows tare da X ka zaɓi Device Manager. In ka ga an rubuta Ethernet Controller a ƙarƙashin Other devices da alamar ruwan ɗorawa a jikinsa to alhamdulillahi, kwamfuta na ganin cip ɗin, sunansa ne ba ta sani ba.

Nan ne nake so kowa ya nutsu, don nan ne akasari ake ɓata aiki. Kar ka yi canki-canka. Danna dama a kan Ethernet Controller ɗin, shiga Properties, sai Details, a ɗan akwatin ka zaɓo Hardware Ids. Za ka ga rubutu kamar haka: PCI\VEN_10EC&DEV_8168. Ɗauko biro da takarda ka kwafe shi harafi harafi, ba gaggawa, sifili ka rubuta sifili kar ka mai da shi O. Abin da ke bayan VEN shi ne kamfanin da ya ƙera cip ɗin, 10EC na Realtek ne, 8086 na Intel, 14E4 kuma Broadcom. Na bayan DEV shi ne samfurin, misali 8168 ɗin nan na Realtek ne mai gudun gigabit 1 kuma shi ne za ka fi cin karo da shi, 8125 kuma mai gigabit 2.5 ne. Wanda ya iya karanta layin nan ba mai sa shi ya loda direban Intel a kan Realtek.

Sai tambayar da kowa ke yi, malam ta ya zan sauke direba tunda intanet ɗin ce ma babu? Wayarka ta isa. Ko dai ka haɗa ta da kwamfutar da kebul ɗin caja ka kunna USB tethering a wayar don ta ba kwamfutar intanet ɗinta, ko ka sauke fayil ɗin a wayar ka turo shi. Ka nema a shafin kamfanin da ya yi kwamfutar, HP ko Dell ko Lenovo, da lambar samfurin da ke manne a jikinta, ka kuma duba Windows ɗinka 10 ce ko 11, mai 64 ce ko 32. Manhajojin nan da ake yawo da su a filashi wai suna sa duk direbobi lokaci guda, ni dai gaskiya ban yarda da su ba, sukan cusa maka tarkacen da ba ka nema ba, filashin kuma ya shiga kwamfuta nawa kafin taka.

In fayil ɗin na da setup ka buɗe kawai ka bi shi. In a dunƙule yake cikin zip sai ka warware shi, ka koma Device Manager, Update driver, Browse my computer, ka nuna masa foldar.

Wani lokaci kuma ba za ka ga cip ɗin a Device Manager ba sam, to ta yiwu kashe shi aka yi a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Lokacin da kwamfuta ke tashi danna F10 in HP ce, F2 in Dell, wasu kuma Delete, ka nemo Onboard LAN ko Integrated NIC ka mai da shi Enabled. In duk da haka bai fito ba, musamman bayan ruwa mai tsawa, ta yiwu da gaske ya ƙone, sai a sayi ɗan adafta na USB mai ramin LAN.

Bayan direba ya hau, Speed & Duplex da ke cikin Advanced a Properties ɗin cip ɗin ka bar shi a Auto Negotiation. In ka ga gudu ya tsaya a 100 maimakon 1000 ka zargi kebul, silin waya 8 ne a ciki, gigabit sai da dukansu, shi kuwa 100 guda 4 sun ishe shi. Sannan ka buɗe cmd, wato Command Prompt, ka rubuta ipconfig, in lambar adireshin IPv4 ta fara da 169.254 direba ya gama nasa, rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ita ce ba ta ba ka adireshi ba.

Aikin gida: kowa ya samu kwamfuta ɗaya, ya kwafo layin VEN da DEV nata a littafinsa, ya rubuta sunan kamfanin a ƙasa ya zo da shi aji na gaba.